Yadda Ake Gane Hular Kwanon Soja Ta Gado, Da Yadda Ake Adana Ta

Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe adakarsa muka tarar da takardar sallamarsa daga soja da lambobin yabo uku a ƙunshe cikin tsumma. Hular kwanon ba ta ciki. Tana bayan ɗaki, ta yi shekaru kaji na shan ruwa a cikinta. Na ɗauko ta, na sa soso da toka da yashi na dirje ta har ƙarfen ya fito fes. Akwai wani dishi-dishin fari a ƙarƙashin leɓenta da na ɗauka kashin kaji ne. Da yamma yayarmu ta karɓa ta juya ta, ta ce, "Ina lambar Baba da ke nan?" Lambarsa ta soja ce da ya rubuta da farin fenti, kuma ta bi ruwan wankin. Har yau abin yana cin raina.

Tun daga lokacin huluna da dama sun bi ta hannuna, nawa da waɗanda mutane ke kawo mini in duba musu. Abin da zan faɗa maka a nan duk yana tafiya ne bisa doka ɗaya: ka karanta hular tukuna, kafin ka goge komai a jikinta.

Kayan aiki

Ba ka buƙatar abu mai tsada. Ka nemi mayen ƙarfe ƙarami, ko na tsohuwar sifikar rediyo ya isa. Sai tocila mai ƙarfi, da wayar da ke ɗaukar hoto sosai, da tef irin na tela, da littafi da fensir. Don shara kana son buroshin fenti sabo mai laushi da tsohon buroshin haƙori, da farin tsumman auduga, da tsinken sakace. Ka haɗa da safar hannu da takunkumin rufe hanci. Idan da hali, ka sami kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi, Renaissance Wax. Idan babu, man keken ɗinki zai yi ɗan aikin da zan bayyana a gaba.

Abubuwan da za ka kawar daga kusa: sanfefa, buroshin waya, soson ƙarfe, fetur, kalanzir, ruwan batir, omo da kowane irin fenti.

1. Ka fara da magada, sannan da adakar

Hular tana cikin gado. Ko da 'yan gwangwan ba za su ba da kuɗin kirki a kanta ba, haƙƙin dukan magada ce, don haka ka sanar da 'yan'uwa cewa kana so ka riƙe ta, a yarje maka ko a yi mata ƙima a cire daga rabonka. Na ga zumunci ya yi tsami a kan abin da bai kai wannan ba.

In akwai adaka ko jakar soja, ka buɗe ta a waje, a hankali. Abu biyu kada ka yi wasa da su. Idan ka ga harsashi ko gurneti ko wani abu mai kama da su, kada ka ɗauka, kada ka jijjiga. Tsufa ba ya kashe su, ƙara musu haɗari yake yi. Ka kawar da yara ka sanar da 'yan sanda. Na biyu, abin rufe fuska na kariya daga iskar guba na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu: gwangwaninsa sau da yawa yana ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu. Kada kowa ya sa shi a fuska. Haka ma hular Ingila ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, akwai asbestos a matashin da ke tsakiyar cikinta. In ka ga abin yana marmashewa, ka ƙulle ta a leda kada ka kaɗe.

2. Ka tambayi tsofaffi tun suna nan

Wannan matakin shi ne wanda ba ya jira. Ƙarfe zai ƙara shekara hamsin, gwaggo ba lalle ba ne. Ka je da hular ka ajiye a gabanta, ka kunna rikoda a waya, ka tambaya a sauƙaƙe: "Gwaggo, da Baba ya dawo, da wannan ya dawo ko daga baya ya samo ta? Wane gari ya fi ambata? A wane bariki aka sallame shi?" Kada ka gyara mata zance, ko da ka san ta haɗa yaƙi biyu wuri ɗaya. Ka rubuta yadda ta faɗa.

Sai takardu. Littafin sallama ko na fansho zai ba ka lambar soja da bataliya da shekarun aiki. Lambar sojojin Najeriya na zamanin Turawa tana farawa da NA, ta mutanen Gana ta wancan lokaci da GC. Lambobin yabo ma suna magana: tauraron Bama ƙyallensa ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe; tauraron Afirka launin rairayi ne da jan layi a tsakiya.

Ga taƙaitaccen abin da za ka auna labarin da shi. A 1941 Birged ta 23 ta Najeriya ta yaƙi Italiya a gabashin Afirka, daga Mogadishu har Harar a Habasha. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, daga nan Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya. Ta 82 ta bi ta Arakan, alamarta mashi biyu a gicciye bisa gammo, kuma rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya kuwa sun shiga dakarun Chindit, masu kutsawa bayan layin Japan a Bama, a 1944. Shi ya sa kake jin Barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, waɗanda sunayen wurare ne a Bama. Bayan 'yanci sai Kwango daga 1960 zuwa 1964, inda Barikin Bukavu na Kano ya samo suna, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sai ECOMOG a Laberiya daga 1990.

3. Hoto da awo kafin komai

Ka shimfiɗa farin zane a inuwa mai haske. Ka ɗauki hoto ta gaba, ta baya, gefe biyu, ta sama, ta ciki, sannan kusa-kusa na kowace ƙusa da kowane rubutu. Ka auna tsawo da faɗi. Ka rubuta launin fenti da duk wani lotsawa ko tsagewa. Lotsawar ma tarihi ce. Kada ka kai wa maƙeri ya buga ta.

4. Ka gane ƙasar daga siffa

Daga nesa ma siffa tana raba su. Mai kama da faranti mai zurfi a kife, da leɓe kewaye, ta Ingila ce ko ta ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Wani mai suna John Brodie ya ƙirƙiro ta a 1915. Ita ce za ka fi samu a gidajenmu. Mai kama da bayan kunkuru, wadda ta fi sauka ta baya, ita ma ta Ingila ce amma ta baya-baya. Mai zurfi kamar tukunya, wadda ke da wata hula mara nauyi a cikinta da ake zarewa, ta Amurka ce, M1, ko kwaikwayonta. Mai tukku na ƙarfe a sama kamar zankon zakara ta Faransa ce, Adrian. Mai ɗan tauraro a goshi, da igiyoyin ɗaure haɓa na zane maimakon bel, ta sojan Japan ce, kuma in ta fito daga gidan ɗan Bama to ganima ce. Ta Italiya, M33, kwano ce sumul mai ƙusoshi uku masu huda a tsakiya don shan iska. Ta Jamus kuwa kowa ya san ta, mai saukowa ta rufe kunne da ƙeya.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: a dajin Bama sojojinmu sun fi sa malafar ulu mai faɗin baki, a fareti kuma kafin yaƙi jar dara. Don haka in ka tarar da malafa ko dara mai alamar bishiyar kwakwa da haruffan RWAFF, wato rundunar Afirka ta Yamma ta zamanin Turawa, kada ka raina ta don ba ƙarfe ba ce. Ta fi hular kwano wuyar samu, domin gara da asu ba sa barin ta.

5. Karanta hatimin maƙera

Nan ne aikin yake da daɗi, nan ne kuma ake buƙatar haƙuri. Ka shiga ɗaki mai duhu, ka kife hular a kan matashi cikinta na kallon sama, ka kwantar da hasken tocila a gefe yadda zai shafi ƙarfen a karkace. In ka haska kai tsaye ba za ka ga komai ba. A karkace ne inuwa ke cika ramin haruffa. Ka bi leɓen a hankali kana juyawa. In rubutun ya dushe, ka ɗora siririyar takarda ka goga fensir a kwance, ko ka barbaɗa ɗan garin alli ka hure. Kada ka kankare da wuƙa don ka gani.

A hular Ingila mai leɓe, wadda ake kira Mk II kuma aka fara ƙerawa a 1938, hatimin yana ƙarƙashin leɓe, yawanci kusa da kunnen da madaurin haɓa ke shiga. Za ka ga haruffan kamfani da shekara. BMB shi ne Briggs Motor Bodies na Dagenham, JSS Joseph Sankey & Sons, RO&CO Rubery Owen, F&L Fisher & Ludlow, HBH Harrison Bros & Howson. In ka ga GSW ko CL/C, a Kanada aka yi ta. Ta mahaifinmu BMB ce, 1941, kuma sai da na yi dare biyu kafin in raba ɗayan ƙarshe da bakwai, saboda tsatsa ta ci kan lambar.

Ka duba hudoji a leɓe. Ƙananan hudoji uku a jere ta baya alamar ƙirar Afirka ta Kudu ce, an yi su don rataya ƙyallen kare ƙeya daga rana, kuma ba abin mamaki ba ne ta fito daga gidan wanda ya yi gabashin Afirka. Amma huda ɗaya zuwa huɗu kusa da kunnen madauri na nufin ƙarfen bai kai na fagen fama ba; irin waɗannan an ware su ne ga masu aikin bayan fage, kamar 'yan kwana-kwana da masu gadi. Wadda ba ta da dajiyar ƙarfe a bakinta sam, bakin a yanke kawai, ƙirar Ostireliya ce, sai dai in dajiyar ce ta fita, kuma za ka ga sawunta.

Yanzu ɗauko mayen ƙarfe. Hular Ingila ta fagen fama da ƙarfe mai manganis aka yi ta, kuma maye ba ya kama shi, ko ya kama da rauni ƙwarai a wasu wurare. In ya manne ƙam, to ko mai rahusar ce, ko kwaikwayo. Wannan gwajin na Ingila da Amurka ne kawai. Ta Faransa da ta Jamus da ta Japan maye yana kama su, kuma ba aibu ba ne.

Sai 'yar ciki, wato shimfiɗar da ke zama a kai, in ta tsira. A Mk II baƙin ƙyalle ne mai santsi kamar leda, da igiya a tsakiya, da roba a ƙoƙon kai, duka a ɗaure da noti ɗaya tak a tsakar kai. Ka ɗaga ƙyallen da yatsa a hankali, a kan maɗaurin da ke ƙasa za ka ga kamfani da shekara da girman kai, kamar 6¾ ko 7. Shekarar 'yar ciki ta bambanta da ta ƙarfe da shekara ɗaya ko biyu, wannan ba komai ba ne, ana sauya su. Wata alama kuma mai kama da sawun kaza da za ka iya gani a madauri ko a sauran kayan, tambarin mallakar gwamnatin Ingila ce. Notin nan kada ka kwance shi. In ya yi tsatsa zai karye, in bai yi ba sukudireba zai bar tabo a fentin da ya shekara tamanin ba a taɓa ba.

Mai bayan kunkuru iri biyu ce da ake rikitawa. Mk III ta shiga fagen fama a 1944, ƙusoshin madaurinta suna can sama a jikin kwanon. Mk IV ta biyo baya a 1945, ƙusoshinta sun sauko kusa da baki, kuma 'yar cikinta da maɓalli take, ana ɓalle ta a ɗebi ruwa da kwanon. An ci gaba da ƙera ta bayan yaƙi, don haka za ka ga masu shekarun 1950 da wani abu.

A M1 ta Amurka, wadda aka fara a 1941, ka nemi inda dajiyar bakin ta haɗu. In a goshi ne, ƙirar lokacin yaƙi ce har wajen ƙarshen 1944. In a ƙeya ne, daga nan zuwa gaba. Kunnen madauri da aka like ba ya motsi ya girmi mai lilo, wanda ya shigo a 1943. Fentin zamanin yaƙi yana da gurje-gurje manya, na baya kamar yashi mai laushi. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi wannan hula bayan yaƙi, don haka ba kowace mai siffar ba ce ta Amurka. In ka sami 'yar cikin kaɗai da shuɗin fenti da haruffan UN ko ONU na Majalisar Ɗinkin Duniya, ka waiwayi labarin Kwango.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi, waɗanda iyayensu suka yi wa Faransa soja, da yawa a rundunar da ake kira Tirailleurs Sénégalais ko da ba 'yan Senegal ba ne: Adrian ta 1915 gunduwa-gunduwa aka haɗa ta, za ka ga mahaɗin leɓen gaba da na baya, ta 1926 kuwa kwano da leɓe ƙira ɗaya ne. Alamar goshi ta sojojin mulkin mallaka ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ce. Wanda ya yi Indocina, yankin Vietnam na yau, ko Aljeriya zai fi dawowa da M1 ko 'yar'uwarta ta Faransa ta 1951.

6. Ka haɗa shaida da labari

Shekarar da ke jikin hula ranar haihuwarta ce, ba ranar yaƙinta ba. Sojan Najeriya ya gaji kayan Ingila, don haka hular 1942 tana iya kasancewa a kan sojan da bai shiga aiki ba sai 1967. Amma akasin haka ba ya yiwuwa: hular 1953 ba ta je Bama ba. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini irin wannan, yana da yaƙinin ta Arakan ce. Da na nuna masa shekarar ya yi shiru, ya daɗe bai ce komai ba. Muka koma takardun, sai ga shi mahaifin nasa ya ci gaba da soja shekaru bayan dawowa daga Bama. Hular tasa ce, kawai ta wani zangon rayuwarsa ce. Ka rubuta abin da ƙarfe ya ce a gefe ɗaya, abin da gida ya ce a ɗaya gefen, kada ka tilasta su su zama ɗaya.

7. Shara, ba wanki ba

Ka sa takunkumi, ka fita waje, domin tsohon fenti yana iya ɗauke da dalma. Ka share ƙura da buroshi mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Gidan zanzaro, wanda ba ya rasuwa a hular da ta zauna a rumbu ko zaure, ka ɗiga masa ruwa kaɗan ya yi laushi ka ɗauke da tsinke. In ka ɓamɓare shi a bushe zai tafi da fenti. Datti mai kama jiki, tsumma mai ɗan danshi ya isa, ka bushe wurin nan take. Duk inda ka ga rubutu ko alama ko launi daban, ka zagaye shi.

Tsatsa iri biyu ce. Baƙa-baƙa mai santsi ta kwanta, ka bar ta. Ja mai gari, wadda ke shafar yatsa, ita ce mai ci. Ka goge ta da busasshen buroshin haƙori, sannan ka shafa kakin nan siriri ka goge. In babu kaki, ɗigon man keken ɗinki a kan auduga, a kan tsatsar kaɗai, ka tsane ragowar. Kada mai ya taɓa 'yar ciki ko roba ko zane. Man gyaɗa da manja da man kaɗe ka bar su a kicin: suna yin ɗoyi, suna danƙo, suna kiran kyankyasai da ɓeraye. Fata da ta bushe ta ƙage, kada ka lanƙwasa ta don ka ga ko za ta miƙe.

Sabon fenti kuwa shi ne babbar ɓarna. Kore mai sheƙi na ƙofar gida yana binne komai, kuma cire shi ba tare da cire na asali ba aiki ne na ƙwararru. In wani ya riga ya shafa, ka bar ta haka, ka rubuta wa ya shafa da yaushe.

8. Wurin ajiya

Abokan gabarta danshin damina da ƙurar hunturu da rana. Ka ɗora ta a kan abin da zai tallafi ƙoƙon daga ciki ba tare da ya danne 'yar ciki ba. Ƙaramar ƙwarya a kife da aka lulluɓe da farin tsumma tana yi. Kada ka rataye ta da madaurin haɓa a ƙusa, nauyinta ya haura kilo ɗaya kuma zaren ya tsufa. Kabad mai gilashi, nesa da taga, ba jingine da bango mai jiƙa ba. Kada ka ƙulle ta a leda, gumi zai taru a ciki. Ka ajiye 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. In babu, busasshen gawayi a ƙulle cikin tsumma, a gefe, ba a jikinta ba. Ka duba ta farkon damina da ƙarshenta.

Ka rubuta kati da fensir: sunan mai ita, lambarsa, bataliya, abin da ke hatimi, wanda ya ba da labari da ranar. Ka ɗaura da zaren auduga, kada ka liƙa da salatif. Kwafin hotuna da na takardu ka raba wa 'yan'uwa biyu ko uku.

9. In sha'awar tarawa ta kama ka

Za ta kama ka, domin da zarar ka karanta hatimi ɗaya idonka zai riƙa neman na biyu. Ka fara da dangi da maƙwabtan da iyayensu suka yi soja, da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na garinku, da wuraren 'yan gwangwan, inda ake narkar da irin waɗannan a kan kuɗin kilo. Ni na fi son hula mai tsatsa da aka san mai ita a kan mai kyau da ba ta da labari. In gidan ba sa son rabuwa da tasu, ka taimaka musu su gane ta, ka ɗauki hoto da izininsu, ka bar musu abinsu.

A intanet ka yi hattara, musamman da ta Jamus, wadda ta fi kowace yawan jabu: ana liƙa sabon tambari a kan tsohon kwano a tsufar da shi da gangan. Ka nemi hoton hatimi da na ciki kafin ka biya. Tsufan gaske ba ya zuwa daidai ko'ina, ya fi cin tsakar kai da baki, inda hannu da ƙasa ke taɓawa. Don horar da ido, Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia ya cancanci tafiya, kuma shafin Imperial War Museum na Landan yana da hotunan huluna da na sojojinmu a Bama.

Kada ka sa ta a kai ka fita titi, kada ka bar yara su yi hoto da ita su watsa. A halin tsaron da ake ciki, kayan soja a hannun farar hula yana jawo tambayar da ba ka so. In za ka yi tafiya da ita, ka naɗe ta a zane, ka riƙe kwafin takardar sallamar mahaifinka a aljihu don shingen bincike. In kuma ƙetare za ka fitar da ita, ka fara tuntuɓar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kafin ka sayi tikiti.